Maɓalli Uku a Cikin Ɗari

Zuwa ga Maɓalli,

Sallama da gaisuwa daga kawunki tela. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran, har da waɗancan na makaranta da kike koya wa lissafi, Allah Ya ƙara miki haƙurin zama da su. Ni dai jiki da sauƙi. Gwiwa tana ƙorafinta kamar kullum, tari ya tafi, abinci bai gagare ni ba.

Kada ki yi wa rubutun nan dariya. Bayan tsohuwar kalanda na samu, kuma hannu ne ke tafiya shi kaɗai, ido rakiya kawai yake yi. In kika ga layi ya hau kan ɗan'uwansa, ki raba su da kanki.

Maganar idon ce ma ta sa na ɗauki biro. Kin san na hagu ya daɗe da yin ritaya, tun ranar da allurar keke ta karye ta tashi ta shige shi, kina 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin tebur kina ƙirga mini maɓallai. To na daman da ya riƙe ni shekarun nan duka, shi ma yanar ido ta rufe shi. Da farko kamar hayaƙi, yanzu kamar an rataya mini farin yadi a gaba. Zura zare sai na roƙi mai askin da ke jikin shagona, ya bar kan mutum rabi a aske ya zo ya zura mini. Ni da nake zura allura ina hira ko dubawa ban yi ba!

Mai askin ne ya matsa mini har muka je asibitin ido. Likitan ma yaro ne, bai kai ki ba. Ya haska, ya ce aiki za a yi a cire yanar. Na ce masa ni ido ɗaya gare ni, ba ni da na canji, ya faɗa mini gaskiya. Ya ce a cikin mutum ɗari da ake yi wa aikin da wuri, biyu ne abin ke ɓaci musu. Na ce to madalla. Sai ya ƙara da cewa, "Amma Baba ka bari ta yi tauri, haɗarin naka ya ƙaru da kashi hamsin cikin ɗari." Yana rubutu ya faɗa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ba ni ranar aiki a ƙarshen watan jibi, ya kira na gaba.

Ban yi makaranta mai zurfi ba, amma na iya tarawa. Biyu da hamsin, hamsin da biyu. Ya haura rabi ke nan. Tun a motar dawowa na yanke shawara, ba zan kai idona ɗaya tilo caca ba. Yanzu ina ganin ƙofa, ina bambance rana da inuwa, ina gane mutum in ya matso sosai. Gara in lallaɓa wannan ɗin har inda zai kai ni, da in kwanta da ɗan haskena in tashi cikin duhu.

Ba shawara nake nema ba, sanar da ke nake yi, don ke kaɗai kika rage mini ta ɓangaren uwarki, Allah Ya jiƙanta. Wayar da kika saya mini tana nan, amma ba na ganin lambobinta, kuma maganar waya iska ce. In kina da amsa ki ba direban da ya kawo wannan.

Kawunki

*

Kawu,

Na amsa sallamarka, ina gaishe ka da girmamawa. Mu duk lafiya lau, ƙaramin ne ya yi mura kuma ya warke. Maigidan yana gaishe ka, ya ce a yi maka sannu da jiki.

Wasiƙarka ta same ni a ɗakin malamai ina tsakiyar duba takardun gwaji, wallahi sai da na miƙe tsaye. Haba Kawu! Hamsin da biyu daga ina? Kuskuren da na yini ina ja wa layi da jan biro, shi ne ya biyo ni har cikin ambulan.

Bari in yi maka dalla-dalla. Kashi cikin ɗari ba lamba ce mai tsayuwa da ƙafarta ba. Duk inda ka ji an ce kashi kaza, tambayar farko ita ce, na me? Kashi hamsin cikin ɗari rabi ne, wannan ka sani. To rabin me? Likita bai ce rabin mutum ɗarin ba. Haɗarin ya ce ya ƙaru, haɗarin kuwa shi ne biyun nan. Rabin biyu ɗaya ne. Ka ɗora ɗaya a kan biyu, ya zama uku. Uku cikin ɗari, Kawu. Mutum casa'in da bakwai suna tashi da idonsu.

In mace ta shimfiɗa yadi biyu a teburinka ta ce ka ƙara mata rabinsa, yadi hamsin kake yankowa? Ɗaya kake ƙarawa. Ka tsufa kana wannan lissafin da almakashi, amma da ya fito daga bakin likita sai ka rikice. Wannan ko 'yan aji huɗu na ba su za su ci, wanda kuwa ya rubuta mini hamsin da biyu sai ya maimaita aji.

Ka yi haƙuri da zafin bakina, raina ne a tashe. Kai ka ɗinka mini rigar makarantata ta farko, ba zan zuba ido ka makance saboda kuskuren tarawa ba. Ka riƙe ranar da aka ba ka, ka kuma aiko mini da amsa a hannun direba.

'Yarka,
Maɓalli

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Muna nan ƙalau, sai tunaninka.

Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannunsa wayam. Na tare shi a tasha, ya ce ya ba ka wasiƙar hannu da hannu, ka jujjuya ta ka sa a aljihu. Na kira wayarka har ta gaji da ƙara. Jiya a aji na rubuta tambaya a allo na tsaya ina kallonta, sai da wata yarinya ta ce, "Malama, allinki ya faɗi."

In bayanin ne bai fito ba, ga shi ta wata hanyar. Ƙarin kashi hamsin yana nufin abin da yake nan, da rabinsa a kai, wato a ninka shi sau ɗaya da rabi. Biyu sau ɗaya da rabi, uku. Ko ta ina ka biyo, uku za ka tarar.

In kuma fushi kake yi, ka faɗa mini laifina, ka zage ni ma in ka so, amma kada ka yi mini shiru. Ban san ka da shiru ba. Wata guda ya riga ya tafi daga cikin lokacin da likita ya ba ka, ni kuma tsoro nake ji.

'Yarka,
Maɓalli

*

Malama,

Barka da aiki, ya yara, ya maigidan? Ni ne mai askin da ke jikin shagon kawunki, wanda ke ɓoye miki alewa a aljihun tawul kina ƙarama. Kawunki bai san na rubuta wannan ba, in ya sani ya daina gaishe ni.

Laifin abin da ya faru rabi nawa ne, rabi naki. Kin ga ni ma na iya kashi hamsin.

Malama, mutum ya ce miki ba ya ganin ramin allura, ke kuma kika aiko masa da rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa. Ya kai ta rana, ya kai ta inuwa, ya kawo ta har kan hanci, abu ya ƙi. Sai ya shigo shagona da ita. Benci kuwa cike yake, ga mai gyaran babur, ga tsohon masinja, ga samari biyu masu jiran layi. Na ce ya bari a watse. Ya ce, "Karanta, 'yata malama ce, bari su ji yadda ake rubutu." Yana faɗa yana gyara zama, fuskar nan tasa sai sheƙi.

Na karanta. Ni kuma bakina in ya kama gudu ba shi da birki, kafin in ankara na wuce 'yan aji huɗu na kai kan maimaita aji. Samarin nan suka kwashe da dariya har ɗaya ya zamo daga benci. Kawunki ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya ninke ta daidai yadda yake ninke yadi, ya lalubi ƙofa ya fita. Tun ranar 'yan layin nan in ya wuce sai ka ji ana "Hamsin da biyu" ƙasa-ƙasa. Na kori biyu daga shagona a kan haka.

Wasiƙarki ta biyu tana cikin aljihun kekensa, ko buɗe ta bai yi ba, don ba shi da mai karanta masa da ya yarda da shi. Ya daina kirana in zura masa zare. Keken ma ya lulluɓe shi da zane. Shekaranjiya ya kuskure matakalar bakin shago ya fasa goshi, ba sosai ba, na wanke masa na sa filasta yana ta hararata da idon da ba ya gani.

Lissafinki daidai ne, duk bencin ya yarda, mai gyaran babur har gwadawa ya yi da ƙusoshi. Amma ranar aiki tana matsowa, shi kuma ya ce ko da igiya ba za a kai shi ba. Ki rubuta masa abin da zai karanta da kansa. Ni dai na tuba da karatun wasiƙa.

Maƙwabcinsa,
Mai aski

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Sannu da goshi.

Da baƙin biro mai kaurin baki na rubuta wannan, a kan kwalin da muke yin zanen aji, don ka karanta da kanka.

Ka ce mini ba ka gani, na aiko maka da ƙaramin rubutu. Ka faɗa mini tsoronka, na mayar maka da jan biro. Na sa an yi maka dariya a layin da ka girme wa kowa. Na yi kuka da na ji. Ka yafe mini.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka ɗauko gwangwanin maɓallanmu. Ka ware ɗari a tebur, a cikinsu biyu su zama manya, irin na kwat, waɗanda hannu zai gane. Su ne haɗarin. Ka riƙe manyan biyun a tafinka, ka tambayi kanka nawa ne rabinsu. Ka ƙara shi, ka cire ƙarami ɗaya don su zauna ɗari. Sai ka shafa teburin.

Ba wanda zai gani. Kai ne malamin, kai ne ɗalibin.

'Yarka,
Maɓalli

*

Maɓalli,

Na amsa gaisuwarki. Jiki lafiya, goshi ya warke, ina jin matakalar ta fi ni jin jiki.

Kwalinki ya iso. Na kai shi bakin ƙofa inda rana ke faɗowa, na karanta harafi bayan harafi, ba wanda ya taya ni. Maganar yafiya ki bar ta. Bakin uwarki kika ɗauko, ita ma sai ta yanka take aunawa. Na yi fushi sosai, fushin ya gaji ya kwanta.

Na ja ƙofa na yi abin da kika ce. Na jera su goma-goma yadda kike yi kina ƙarama. Na riƙe manyan biyun, na ce rabinku nawa, hannuna ya ba ni amsa kafin kaina. Ɗaya ne, na ƙara shi, suka zama uku. Na shafa teburin daga wannan gefe zuwa wancan, ƙanana ne ko'ina, manyan sai an neme su. Na ji kunya, na kuma ji sanyi a raina, duk a zama ɗaya.

Tunda kin buɗe mini aji, ga tambaya. Akwai yadin labule da ke shiga kashi goma cikin ɗari in an wanke shi. Tun ina yaron shago aka koya mini in ƙara kashi goma wajen yanka. In taga inci ɗari ce, in yanka ɗari da goma. Amma duk labulen da na yi haka, bayan wankin farko sai ya ɗage kaɗan, haske ya riƙa leƙowa ta ƙasa. Na zagi masu yadi, na zagi masu wanki. Na ƙara goma, wanki ya cire goma, ina incin ya tafi?

Yanzu ga maganar da ta fi wannan nauyi, ki saurara da kunnen 'ya, ki ajiye na malama. Da na gama, na zuba ɗarin a gwangwani na girgiza na sa hannu. Babba na fara taɓawa. Na sake girgizawa, babba. Ashe in aka girgiza gwangwani manyan ne ke hawowa sama. To haka suke yi a cikin kaina ma.

A cikin tela ɗari, nawa ne allura ta karye ta shige musu ido? Na san teloli fiye da ɗari, ni kaɗai ne. Ranar nan ba wanda ya ce mini kashi kaza ne. Ke kina kallon casa'in da bakwai, ni kuwa na taɓa zama ɗayan, na san ɗakin da yake kwana. Lissafinki na karɓa hannu biyu. Amma mutum ɗarin nan ba za su shiga ɗakin aiki tare da ni ba, ni kaɗai zan kwanta, da ido ɗaya. Don haka har yanzu ban ce zan je ba.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, na gode Allah da na ga rubutunka. Duk muna lafiya. Kwalayen wannan karon suna da yawa, har direba ya tambaya ko kuɗin kaya zai karɓa. Na sa musu lamba a sama, ka bi su a jere.

Labule tukuna, don shi ne mai sauƙi. Goman da ka ƙara, kashi goma ne na ɗari. Amma wanki bai san taga ba, abin da aka jefa masa ya sani. Ɗari da goma aka ba shi, kashi goma na wannan kuwa sha ɗaya ne. Ka cire sha ɗaya daga ɗari da goma, saura casa'in da tara. Ga incinka. Kashi goman biyu ne, amma kowanne da uwarsa. In kana son ɗari cif bayan wanki, ka tuna abin da ke fitowa kashi tara ne cikin goma na abin da ya shiga. Ka raba ɗari gida tara, ka ɗauki irin wannan kason sau goma, za ka samu ɗari da sha ɗaya da ɗan ɗoriya. Masu yadi ba su taɓa cutarka ba, sai ka nemi afuwarsu.

Manyan maɓallai kuma, zaɓina ne ya jawo. Na ce manya don hannunka ya gane su. A wurin likita duk girmansu ɗaya, ba mai hawowa sama.

Ɗaya maganar ba ni da amsarta. Ina ƙarƙashin teburin ranar allura, har yau ina ganin jinin a kan tef ɗin awonka. Ba ni da lissafin da zai gaya mini wane maɓalli ne naka. Da akwai shi, da na sayar da duk abin da na mallaka na koya.

Abin da na sani shi ne gwangwani biyu ne a gabanka, kai kuma ɗaya kake girgizawa. Na biyun shi ne na mutum ɗari masu irin yanarka da suka ce ba za a taɓa su ba. Nawa ne manya a cikinsa? Ban sani ba, ni ba likita ba ce. Amma wasiƙunka sun ce hayaƙi, suka ce farin yadi, yanzu ga matakala. Zaman da kake yi ma, hannunka yana cikin gwangwani.

Ka koma wurin likitan kafin ranar. Kada ka bari ya ce maka kashi. Ka ce ya faɗa maka da mutane: cikin ɗari, nawa in an yi, nawa in an bari? In ya ce wani abu daban da ukuna, nasa za ka ɗauka.

Na riga na nemi hutu a wurin shugabar makaranta, ta ba ni. Zan zo ko me ka zaɓa. In aiki ne, ina bakin ƙofa har a fito da kai. In ka ce a'a, ba zan ƙara ce maka komai ba, zan zauna in zura maka allurai cike da matashin allura, yadda za su kai ka wani lokaci.

'Yarka,
Maɓalli

*

Maɓalli,

Gaisuwa. Lafiya lau nake.

Na je, mai aski ya raka ni, mun shirya da shi a hanya bayan na faɗa masa abin da ke raina. Da gwangwanina na tafi. Da layi ya zo kaina na juye shi a teburin likita, maɓallai har ƙarƙashin kujerarsa. Wannan karon ya ajiye biro ya ɗago. Na ce ya nuna mini da hannu. Ya ware uku ya turo mini, ya ce ya yi kuskure da bai faɗa mini haka tun farko ba. Na ce to in an bari fa? Sai ya sa hannu biyu ya turo mini kusan duka tulin.

Ki zo. Kada ki kawo komai. Tsoro nake ji kamar yaro, ke kaɗai na faɗa wa.

Kawunki

*

Zuwa ga Maɓalli,

Sallama. Ina fatan kin koma lafiya kin tarar da yara da maigidan ƙalau, ki yi masa godiya da aron ki da ya ba ni. Ni lafiya, ina ɗiga maganin a kan lokaci, ba na sunkuyawa, ba na taɓa idon, duk yadda kika bar wa mai aski umarni. Ya zame mini ɗan sanda.

Ki dubi girman rubutun nan. Takardar littafi ce mai layi, kuma kowane layi yana kan hanyarsa.

Akwai abin da ban faɗa miki ba ranar da aka cire bandeji. Ke na fara gani. Na daɗe ina jin muryarki ina ɗora mata fuskar yarinyar ƙarƙashin tebur, sai ga mace zaune da furfura a gefen ɗankwali, da idon uwarki sak. Yaushe kika yi furfura ban sani ba? Kin zaci zafin fitila ne ya sa ni hawaye, na bar ki a haka.

Na koma asibiti a duba ni makon nan. Likita ya sa na karanta allon bango, ya ce ganina ya dawo kashi tamanin cikin ɗari. Na ce, "Na me?" Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce na lafiyayyen ido, ya kuma ce in gaishe da malamata. Tamanin ɗin ya ishe ni. Ashe bangon shagona ya yi datti haka ba wanda ya faɗa mini, kuma labulen ƙofata ma ya ɗage da inci ɗaya.

Kin tuna dattijon nan mai gyaran agogo, wanda aka shiga da shi kafin ni, kika ba shi ruwa? Na same shi a bencin jiran likita. Nasa bai yi ba. Idon ya kumbura, suna ta fama, ya ce haske kawai yake gani. Na zauna kusa da shi. Ban ce masa uku ne kawai cikin ɗari ba. Na riƙe hannunsa har aka kira shi, na kuma karɓi kwatancen gidansa, zan riƙa zuwa muna hira. Kin yi gaskiya, ni ma na yi gaskiya, dukanmu a benci ɗaya.

'Yan layi har yanzu suna ce mini Hamsin da biyu, yanzu da ƙarfi suke faɗa, ni kuma ina amsawa. Wanda ya fi kowa dariya ranar nan ya kawo wando a rage masa, na tambaye shi kashi goma na inci talatin, ya tsaya yana susar kai.

Na yaye zanen da ke kan keke. Direba zai ba ki ƙunshi tare da wannan, rigar sanyi ce, na auna ki da ido ranar da za ki tafi, in ta yi miki yawa laifin tamanin ne. Ƙananan casa'in da bakwai na mayar da su gwangwani. Manyan ukun suna gaban rigar. Na ɗinke su da zare ninki biyu don kada su ƙara yawo, kuma ni na zura zaren da kaina.

Kawunki